Ƙarin da ke zubo gastirin da batun maganin ciwo: amsoshin tambayoyinku

Na daɗe ina ba da magani a Kano, kuma a kan ciwon Zolinga-Elison tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mini, wasu har sau uku daga bakin mutum guda. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Wai mene ne wannan ciwon?

Ƙari ne, sau da yawa ɗan mitsitsi, da ke fitowa a farkon ƙaramin hanji ko a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Yana zubo sinadarin gastirin ba ƙaƙƙautawa, shi kuma gastirin shi ke sa tumbi fitar da asid. Asid ɗin sai ya yi yawa ya riƙa cin bangon tumbi da hanji. Likitocin tiyata biyu a Amurka, Robert Zollinger da Edwin Ellison, su suka bayyana shi a 1955.

Zan iya shan diklofenak ko ibufurofen, ko sau ɗaya ne?

A'a, suna cin bangon ciki. Haka asfirin, haka Feldene, haka garin Alabukun, domin asfirin ne a cikinsa.

Ina da olsa, ko shi ne ya kama ni?

Da wuya ƙwarai. A cikin mutum miliyan guda, waɗanda ake samu da shi a shekara ba su wuce ɗaya zuwa uku ba. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko waɗannan magungunan ciwon jiki da na ambata. Kwantar da hankalinka, malam. Wanda ake zargi shi ne mai gyambon da ke ta dawowa bayan an yi masa magani yadda ya kamata, ga gudawa da ta ƙi tsayawa, ga ƙwannafi, ga rama.

To in gwiwa ko baya ko haƙori ya matsa mini, me zan yi tunda an hana ni komai?

Ba a hana ki komai ba, Hajiya, amma amsar ta danganta da inda ciwon yake da kuma lafiyar hantarki.

In a saman ciki yake, yana ƙuna kamar an zuba barkono, ba maganin kashe ciwo kike buƙata ba. Alama ce asid ya fi ƙarfin omefirazol, maganin rage asid ɗin da kike sha, sai likita ya sake duba adadin. Masu wannan ciwo akan fara musu da miligiram 60 a rana, wasu har sai an ƙara, alhali mai olsa ta yau da kullum 20 kan ishe shi.

In ciwon na gaɓɓai ne ko ciwon kai ko na al'ada, farasitamol ne na farko. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk awa shida, kada a wuce takwas a kwana guda. Amma a nan ma da sharaɗi. Mai ciwon hanta, ko wanda ƙarin ya bazu zuwa hantarsa, ko mai ƙaramin jiki, nasa adadin ya fi haka ƙasa, likitansa ne zai yanke masa. A kuma duba kwalin maganin mura, yawancinsu da farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Gasa wurin da tsumma mai ɗumi, tausa da man zafi, motsa jiki irin wanda ake koyarwa a sashen gashi na asibiti, duk suna rage ciwon baya da gwiwa kuma ba su taɓa tumbi. Diklofenak na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, wasu likitocin sukan yarda da shi na 'yan kwanaki, amma wanda ya taɓa zubar da jini ta ciki ya tambaya tukuna. Haƙori kuwa a je a gyara shi ko a cire, a daina lallaɓa shi da ƙwaya.

Tiramol ba ya cin bangon ciki, gaskiya ne, sai dai duk wanda ke garin nan ya ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu, kuma kun san dalilin da ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai da takardar likita, na ɗan lokaci. Ƙaho kuma, in da kayan aiki masu tsabta ne kuma jininki bai yi ƙasa ba, ba zan yi jayayya da ke ba, amma mai gyambon da ke tsiyayar jini ba shi da jinin da zai bayar.

Zuma da habbatus sauda fa?

A sha a matsayin abinci mai albarka. Ba su hana ƙarin zubo gastirin, don haka ba su maye gurbin omefirazol.

Kanwa da madara suna kwantar mini da shi.

Na 'yan mintoci. Madara tana sa tumbi ya sake fitar da asid daga baya, yawan kanwa kuma wahala ce ga ƙoda da hawan jini. Jiƙon cikin gora da ƙullin ƙwayoyin da ake haɗa muku a leda babu suna, don Allah ku bari. Ba ku san abin da ke ciki ba, kuma irin wannan haɗin na iya ƙunsar ƙwayar da aka hana ku.

Na ji sauƙi, in daina shan maganin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Kwana kaɗan ba magani na iya kai mai wannan ciwo ga ɓulewar hanji. Ko awon gastirin za a yi, wanda omefirazol kan ɗaga sakamakonsa, likita ne zai tsara yadda za a bi, ba kai ba. Da azumi ma a zauna da likitan tun kafin watan ya kama, a raba shan tsakanin sahur da buɗa baki, in ya ce a ajiye azumin a ajiye.

Kansa ce? Ana gadonta?

Fiye da rabi na iya bazuwa, yawanci zuwa hanta, amma a hankali yake girma, ana kuma cire wasu da tiyata. Mutane na shekaru masu yawa da shi suna harkokinsu. Kusan ɗaya cikin huɗu na gado ne, wanda ake kira MEN1, mai ɗaga sinadarin kalsiyam a jini, shi ya sa ake auna shi, a kuma tambayi tarihin dangi.

Yaushe zan garzaya asibiti?

Aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, jiri, ko ciki ya ƙame kamar katako da ciwo mai tsanani. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota a nufi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, a tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha.