Me ake nufi da motar "kilasik"?

Kalmar da Turawa ke rubutawa "classic", mu kuma mu furta ta kilasik, tana yawan fitowa a bidiyoyin YouTube da Facebook inda ake jawo tsohuwar mota daga rumbu, ƙura ta rufe ta, tsatsa ta ci gindinta, a yi shekara biyu ko uku ana aiki a kanta har ta dawo tana sheƙi. Wanda ya saba da kalmomin tasha zai iya cewa ai akwala ce aka yi wa suna mai daɗi. Akwai bambanci. Akwala mota ce da ta tsufa ana ci gaba da lallaɓa ta saboda babu halin sayen wata, ranar da hali ya samu kuwa sai hannun 'yan gwangwan. Kilasik tsohuwar mota ce da aka daina ƙera irinta, amma wasu mutane suka ga tana da abin da ya sa bai kamata ta salwanta ba: ko kyan ƙira, ko daɗin tuƙi, ko wani matsayi a tarihin ƙera motoci. Mai ita yakan mallaki wata motar ta zuwa aiki. Wannan kuwa don sha'awa ya ajiye ta, yana kashe mata kuɗi da lokaci da sanin ransa.

Shekara nawa mota za ta yi kafin a kira ta kilasik? Ko a Ingila, inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi sosai, amsar ta danganta da wanda aka tambaya. Hukumar rajistar motoci ta DVLA tana da aji na musamman da ta kira motocin tarihi, na waɗanda suka haura shekara 40. Idan mai mota ya nemi a sa tasa a wannan aji, ya huta da biyan harajin hanya, kuma tun 2018 an ɗauke wa irin waɗannan motoci dolen gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi musu babban sauyi ba a cikin shekara 30 da suka wuce. Hukumar haraji kuma, idan tana lissafin motar da kamfani ya ba ma'aikacinsa, kilasik a wurinta ita ce wadda ta kai shekara 15 kuma darajarta ta kai fam 15,000. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, shekara 30 ta yanka. Akwai ma sunaye biyu da suka girmi kilasik: "veteran" ita ce motar da aka ƙera kafin 1905, irin waɗanda ke tattaki daga Landan zuwa Brighton kowane watan Nuwamba, "vintage" kuma ta tsakanin 1919 da 1930. Saboda haka duk wanda ya kira motar 1970 "vintage" a gaban masana abin, za su gyara masa.

Misalin da ya fi fayyace kalmar shi ne MGB, 'yar ƙaramar motar wasanni mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa. An ƙera ta a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, aka fitar da fiye da rabin miliyan idan an haɗa da nau'inta na GT mai rufin ƙarfe, mafi yawansu kuma Amurka aka kai su. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, ƙarfin doki wajen 95, gudunta ya ɗan haura kilomita 160 a awa. Motar gida ta yau za ta wuce ta a titi ba tare da wahala ba. Abin da ya sa har yanzu ake ƙaunarta shi ne yadda direba ke zama ƙasa-ƙasa yana jin titi a hannunsa ta sitiyari, da kuma yadda komai nata yake a fili: ka ɗaga bonet, ka ga kowane abu, ka kai masa hannu da sifana. Jaguar E-Type da aka fara nunawa a Geneva a 1961 ta fi ta kyau da tsada nesa ba kusa ba, Triumph Spitfire da Austin-Healey 3000 ma kowace na da masoyanta. Amma MGB ce motar da malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya zai iya saya ya gyara a garejin gidansa, shi ya sa nake ganin ita ce ta fi nuna ainihin wannan sha'awa.

Babban aikin raya irin wannan mota yana jikinta. Inji abu ne mai sauƙi a wurin wanda ya san hannunsa: a sauke shi, a sauya zobban fistin da bawul, a mayar. Tsatsa ce ke karya zuciya. Ingila ƙasa ce mai laima, kuma da hunturu ana watsa gishiri a kan tituna don ƙanƙara ta narke, gishirin nan ya haɗu da ruwa ya shige kowane lungu na ƙarfe. MGB ba ta da shasi daban da bodi ke zama a kai; bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyin motar. Tun da ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta duka ya ta'allaƙa ga dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda mutum ke tsallakewa in zai shiga. Kowannensu falle-falle ne da aka haɗa da walda, kuma daga ciki yake fara ruɓewa, inda ido ba ya gani. In suka ruɓe, motar takan fara lanƙwashewa a tsakiya, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan fara duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi kafin ya kalli fenti, yakan kuma zo da ɗan maganaɗisu yana manna shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, to fila aka cusa aka shafe da fenti. Gyaran gaskiya shi ne a tokare bakin ƙofar da ƙarfe don kada motar ta motsa, a yanke ruɓaɓɓen har sai an kai ga ƙarfe mai lafiya, a yi waldar sabo falle bayan falle. Wannan kaɗai yakan ci wa mai koyo watanni na ranakun hutunsa.

Daga nan ne gardamar da ke cikin kalmar take tasowa, wato gardamar asali. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB sukutum, da ainihin ƙarafan bugun da masana'antar ta yi amfani da su a da. Mutum zai iya sayen sabon bodi ya kwashe inji da giya da kujerun tsohuwar motarsa ya zuba a ciki. To motar da ta fito, ita ce tsohuwar tasa ko wata ce sabuwa? Masu tsananin riƙo da asali suna son lambar da ke jikin inji da ta bodi su dace da abin da masana'anta ta rubuta ranar da motar ta fito. Ana iya tabbatar da haka, domin gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon yana ajiye da kundayen masana'antun, kuma yana ba da takardar shaida mai nuna ranar ƙera mota da launinta na farko. Motar da lambobinta suka dace ta fi tsada a kasuwa.

Wani misalin shi ne bamba. A 1974, saboda dokokin kare haɗari na Amurka, aka cire wa MGB bambarta ta ƙarfe mai ƙyalli aka sa mata baƙa ta roba mai kauri, aka kuma ɗan ɗaga tsayin motar daga ƙasa. Da yawa ba su so wannan sauyi ba, har yau ma masu bambar roba sun fi araha. Wasu kan sayi mai robar su mayar da ita mai ƙarfe. Ta fi kyau a idonsu, amma ta daina zama yadda ta fito daga Abingdon.

Akwai masu gyara mota har ta fi ranar da aka ƙera ta tsabta, su ɗauke ta a tirela zuwa gasar da alƙalai ke duba kowane kusa da kowace waya. Akwai masu cewa kada a taɓa tsohon fenti da fatar kujera da ta tsattsage, domin wannan shi ne tarihin motar, a gyara abin da zai sa ta tafi lafiya kawai. Akwai kuma masu abin da ake kira "restomod", wato a bar siffar waje a tsohuwarta, a zuba sabon inji da birki na zamani, wasu ma su mayar da ita mai lantarki. Ni dai zuciyata tana wajen mutumin da ya yi gyaran gaskiya a inda ido ba ya kaiwa, sannan ya hau motarsa ya tuƙa ta. Motar da aka ƙera don titi, in ta koma zama cikin ɗaki an lulluɓe ta, wani abu nata ya tafi. Zaman ma ba ya mata amfani: robobin birki su bushe, mai ya lalace a tanki, kuloci ya manne.

Bayan gyara sai kula, wadda ba ta ƙarewa. MGB galibi tana da kabreta biyu ƙirar SU, sai an daidaita su suna shan iska daidai wa daida, a kuma riƙa ɗiga ɗan mai a kan kowace. Ƙafafun gaba suna da wuraren da ake dura giris da hannu lokaci-lokaci. Wutarta ta kwantak ce, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa don filogi ya ba da wuta, sai an riƙa gyara tazararsu. Na farko-farkonsu batir biyu gare su masu bolt 6 a bayan kujeru, kuma kafin 1967 wayar fositib ce ke haɗe da bodi, akasin motocin yau, don haka wanda ya haɗa mata sabuwar rediyo ba tare da sani ba zai ƙona ta. Kayan wutar kamfanin Lucas ne na Birmingham, kuma yawancin matsalar da ake ɗora musu a yau daga tsofaffin mahaɗan waya ne da suka yi tsatsa. Ko sifanar da za a kwance ta da ita ta ma'aunin inci ce. Shi kansa fetur ya sauya a kan waɗannan motoci. An ƙera injinansu lokacin da ake zuba dalma a mai, dalmar tana kare mazaunin bawul. Da Birtaniya ta hana sayar da irin wannan mai a shekarar 2000, sai masu su suka koma sa wa kan inji mazauni mai tauri ko zuba wani sinadari a tanki. A 2021 kuma aka shigo da fetur na E10 mai kashi 10 cikin ɗari na itanol, wanda ke cin tsofaffin bututan roba, shi ya sa da yawansu suke sayen mai tsada na E5.

Abin da ya sa mutum ɗaya a garejinsa yake iya duk wannan shi ne ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar MG Car Club tana nan tun 1930, hedikwatarta a Abingdon, kusa da inda masana'antar take kafin a rufe ta a 1980. MG Owners' Club kuma ta kafu a 1973. Kusan kowane ɓangare na MGB ana ƙera sabonsa har yau. Sunan MG kansa yanzu yana hannun kamfanin SAIC na ƙasar Sin, kuma sababbin motocin da ke ɗauke da shi ba su da alaƙa da waɗannan in ban da tambari.

Kalmar ba ta tsaya ga motocin Ingila ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, a Turai kilasik ce da ake nema, alhali a wurinmu da yawa har yanzu akwala ake kallonta. A Ingila, yawancin masu waɗannan motoci sukan kulle su a gareji duk tsawon hunturu don gudun gishiri, su cire kan batir, su yi ta ƙananan gyare-gyare cikin sanyi. In watan Afrilu ya kama akwai wata Lahadi da ƙungiyoyinsu suka keɓe don kowa ya fito da tasa, tunawa da wani tattakin mil 1,000 da motoci suka yi a ƙasar a 1900. Ranar za ka ga MGB da Spitfire da E-Type a jere a ƙananan hanyoyin karkara, an naɗe rufinsu, masu su sun sha rigunan sanyi.