Waiwaye: Yaushe dabba ta fara ƙashi da ɓawo?

Wanda ya taɓa shiga abbatuwar Oko-Oba a Agege ya ga tulin ƙasusuwan da mahauta ke jibgewa a gefe, mai sayen dodon koɗi a Mile 12 kuwa ya san taurin katantanwa. Kayan gininsu ba ɗaya ba ne. Ƙashi kalsiyam ne da fosfet, katantanwa kuma kalsiyam da kabonet, dangin farar ƙasar da ake haƙowa a Ewekoro ana siminti da ita.

Lokacin da dabba ta fara irin wannan gini a jikinta ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 1859 masanin halittu Charles Darwin ya amsa cewa abin ya gagare shi: ga burbushin dabbobi masu sulke birjik a duwatsun da yau ake kira na zamanin Kambiriyan, a ƙarƙashinsu kuwa shiru kake ji. Yanzu an ajiye farkon zamanin a kusan shekara miliyan 539 da suka wuce.

Bakin zaren a Afirka aka kamo shi. A 1972 Gerard Germs ya bayyana Cloudina daga duwatsun Namibiya, wata 'yar halittar teku da ta rayu kusan shekara miliyan 550 baya, wato tun kafin Kambiriyan. Bututu ce siririya, faɗinta 'yan milimitoci, an jera ta wani cikin wani tamkar kofunan mai shayi a Obalende bayan ya wanke su. Sai a 1992 wasu masana biyu, Bengtson da Yue, suka ga ƙananan huji a jikin waɗanda aka tono a Sin, alamar wani ya huda ya ci na ciki. Ni dai wannan hujin ya fi gamsar da ni: maci ne ya sa abin ci ya nemi sulke.

Da Kambiriyan ya kankama sai ƙananan ɓawo, ƙayoyi da ɓamɓaroki suka cika teku, tun kafin tirilobait, wasu halittun teku masu sulke, su bayyana wajen shekara miliyan 521 da suka wuce. Don a samo burbushinsu, akan jiƙa dutse a ruwan tsami ya narke, a tace su, a tsince da madubin ƙara girma. Sai dai dabarar tana da son kai, don galibi na fosfet ne ke tsira.

A 2007 Susannah Porter ta nuna cewa yawancin zuriyoyin dabbobi masu ɓawon kabonet sun ɗauki irin kabonet ɗin da ruwan tekun zamaninsu ya fi sauƙaƙawa, aragonait ko kalsait, kuma da ruwan ya sauya galibinsu ba su sauya nasu ba.