Romon ƙashi: abinci ne ko magani?

A 'yan shekarun nan romon ƙashi ya zama abin yayi a Amurka da Turai, har a kwali ake sayar da shi, mutum ya ɗumama ya kurɓa kamar shayi. Mu kuwa tun tale-tale ake ɗora wa maijego tukunyar ƙafar saniya. Sai dai an cika shi da kirari, wani gaskiya, wani ƙari.

Da me ya bambanta da farfesu?

A farfesu nama ake nema, romo ɗan rakiya ne. A nan kuwa ruwan ne abin nema. Ana barin ƙashi a kan wuta marar ƙarfi sa'o'i da yawa, har guringuntsi da jijiyoyin jikinsa su saki. Abin da ke narkewa shi ne kolajin, wani furotin da ke cikin guringuntsi da jijiya, wanda zafi ke mayar da shi jelatin. Shi ne danƙon nan da ke manne leɓe bayan an sha, kuma shi ke sa romo ya kame idan ya huce, ka taɓa shi da cokali ka ga yana rawa.

Wane ƙashi zan ce mahauci ya ba ni?

Gwiwa, ƙafa, wutsiya da wuya, domin nan guringuntsi ya fi yawa. Ƙashin ɓargo garɗi da maiƙo yake kawowa, ba ya kawo danƙo sosai, don haka a haɗa su. Ƙafafun kaji, da mutane ke rainawa, sun fi ƙashi da yawa ba da kauri, ga araha. A sa mahauci ya sassara tun a kasuwa.

Abu ɗaya: a shinshina ƙafar saniya kafin a biya. Wasu da taya suke babbaka, kuma hayaƙin taya guba ne. In an ji warin roba, a ajiye masa abinsa.

Yaya ake dafa shi?

A wanke ƙashi kilo 1, a zuba ruwa ya rufe shi, a tafasa minti 10, a zubar da ruwan. Wannan ruwan farko shi ke tafiya da ƙarni da baƙar kumfa. Na san akwai masu ganin asara ce, amma duk wadda ta gwada sau ɗaya ta ga yadda romo ke fitowa garau, da wuya ta koma.

Sai a ɗauraye tukunya, a mayar da ƙashi, a zuba ruwa lita 2 zuwa 3. Da ya tafasa a rage wuta, ya zama ɗan ɓulɓul kawai yake yi jefi-jefi. Garwashin gawayi ya dace da wannan aiki fiye da gas, ga sauƙin aljihu. Ƙashin saniya yana son awa 8 zuwa 12, na kaza awa 3 zuwa 4 ya isa. Mai tukunyar nan da ke matse tururi za ta gama da na saniya cikin awa 2 zuwa 3. Albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba da ɗan kanumfari su shiga a awar ƙarshe, don in sun daɗe ƙamshinsu gudu yake yi. Gishiri kuwa sai an sauke, saboda ruwan yana ƙonewa, wanda ya yi daidai da safe kan zarce da yamma. A tace, a bari ya huce, a kwashe kitsen da ya taso.

Da gaske yana ƙara ƙarfin ƙashi?

Nan ne aka fi yin kuskure. Hankali yana cewa tunda ƙashi cike yake da kalsiyam, sinadarin da ke ba shi ƙarfi, ai romonsa ma haka. Amma kalsiyam ɗin ba ya sakin ƙashi don an tafasa shi. Tun 1934 wasu masu bincike a Landan suka auna romon ƙashin da ake bai wa yara, suka tarar abin da ke ciki kaɗan ne. Wani binciken da aka yi a Taiwan a 2017 ya sami ƙasa da kashi 5 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a rana a kowane kwano. Babban mutum yana son kimanin miligiram 1,000 a yini, kofin madara guda kuma yana ba da kusan 300. Matsa lemon tsami a tukunya yana ɗan ƙara abin da ke fita, amma bai kai a dogara da shi ba. Mai neman kalsiyam ya nufi nono, kindirmo, riɗi, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Ciwon gwiwa fa, da gyaran fata?

Ana cewa kolajin ɗin romo yana gyara su, amma ciki ba ya ɗaukar kolajin ya kai shi gwiwa kai tsaye. Farfasa shi yake yi kamar kowane furotin, jiki ya raba inda ya ga buƙata. Kuma kafin jiki ya gina nasa kolajin sai da bitamin C, wato gwaba, lemo da tumatir suna da nasu aikin.

To ina amfaninsa?

Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Ruwa ne mai ɗumi da furotin da ɗan gishiri, mai sauƙin haɗiya. Wanda zazzaɓi ya kashe wa baki, tsohon da haƙora suka ƙare, maijegon da ke buƙatar ruwa don shayarwa, duk za su iya kurɓarsa lokacin da tuwo ya gagara. Ga mai mura, tururinsa da yajin citta suna buɗe hanci. Sannan miyar kuka ko dafa-dukan da aka ɗora da shi ba sa neman dunƙule da yawa. Amma shi kaɗai ba ya riƙe mutum, a haɗa da nama, wake, ƙwai ko ganye.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai hawan jini ya lura da gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon ƙoda da mai ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut su tambayi likita tukuna. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kawai. Yaro mai gudawa kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti yake buƙata, romo ba ya maye gurbinsa.

Kwana nawa yake yi?

A firij kwana 3 zuwa 4, a firiza wasu watanni. Kada a bar shi a waje fiye da awa 2 bayan an sauke. A rarraba a ƙananan robobi don ya yi saurin hucewa. Inda wutar lantarki ba tabbas, gara a dafa daidai na yini, a bar shi kan garwashi da zafinsa. In ya yi tsami ko ya fara kumfa da kansa, a zubar.