Kyaftin ɗin jirgin ceto a teku

Kyaftin ɗin jirgin ceto shi ne wanda yake riƙe da ragamar jirgin ruwan da ƙungiyar agaji ta fitar musamman don nemo mutanen da ke dab da nutsewa a teku, a tsamo su, a kai su inda za su sauka lafiya. Yawancin irin waɗannan jirage yanzu a tsakiyar Bahar Rum suke aiki, wato tsakanin gaɓar Libiya da Tunisiya ta kudu da kuma Italiya da Malta ta arewa, inda 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira ke tsallakawa cikin kwale-kwalen da ko kogi bai kamata a shiga da su ba balle teku. Hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM ta lissafa sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun daga 2014, mafi yawansu kuma a wannan hanyar ta tsakiya. Maza da mata duk suna yin aikin, hasali ma wasu daga cikin waɗanda sunansu ya fi fita mata ne.

Asalin aikin

Abin ba a Bahar Rum ya fara ba. A 1979 lokacin da mutanen Biyetnam ke gudu ta teku, ɗan jaridar Jamus Rupert Neudeck da abokansa suka yi hayar jirgin dakon kaya mai suna Cap Anamur, suka ceto sama da mutum 10,000 zuwa 1982, a 1979 ɗin ne kuma Faransawa suka tura nasu jirgin asibiti Île de Lumière. Na Bahar Rum kuwa ya samo tushe ne daga haɗarin 3 ga Oktoba 2013 a kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya inda sama da mutum 360 suka mutu. Italiya ta ƙaddamar da aikin ceto na sojan ruwa mai suna Mare Nostrum, shekara ɗaya kacal aka rufe shi, aka maye gurbinsa da Triton, aikin sintiri na Tarayyar Turai wanda gadin iyaka ya fi damunsa. Sai gashi a Afrilun 2015 cikin mako ɗaya jirage biyu sun kife da sama da mutum 1,200. Wannan giɓin ne ƙungiyoyin agaji suka shigo su cike, MOAS ta Malta a 2014, sai Sea-Watch da SOS Méditerranée da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Open Arms ta Sipaniya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SOS Méditerranée ma, Klaus Vogel, shi kansa kyaftin ɗin jiragen kasuwanci ne.

Abin da doka ta ɗora masa

Ceton wanda ke nutsewa ba alfarma ba ce, dole ce a kan kowane kyaftin, ko na jirgin mai ko na kamun kifi. Sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ya faɗa, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta 1974 ta faɗa, haka ma yarjejeniyar nema da ceto da aka sa wa hannu a Hamburg a 1979. Babu ruwan doka da ƙasar mutum ko takardunsa ko dalilin da ya sa shi shiga ruwan. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyoyi biyun ƙarshe a 2004 ya ƙara fito da abu ɗaya fili, kuma a kansa ne kusan duk rigimar take, wato ceto bai kammala ba sai an sauke mutane a wuri mai aminci. To Libiya fa? Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha cewa ba wuri mai aminci ba ne saboda tsarewa da azabtarwa da ake yi wa waɗanda aka mayar, kuma a 2012 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Italiya da laifi a shari'ar Hirsi Jamaa kan mayar da mutane can. Kyaftin ɗin wani jirgin kasuwanci mai suna Asso Ventotto da ya mayar da mutum 101 Libiya a 2018, kotun Italiya ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, kotun ƙoli ta tabbatar a 2024.

Banda wannan dole ya kasance yana da lasisin da ya dace da girman jirgin bisa ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa, wato STCW, kuma yana ƙarƙashin dokar ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Maganar tuta ba ƙarama ba ce, jirgin Aquarius da ya ceto kusan mutum 30,000 ba igiyar ruwa ce ta tsayar da shi ba, tuta aka ƙwace masa, Jibraltar ta janye sannan Panama ta janye, a Disambar 2018 aka haƙura.

Yadda ceton yake gudana

A manyan jirage akwai shugaban tawagar ceto daban, akwai likitoci, injiniyoyi, masu tuƙa ƙananan kwale-kwalen gudu, da tafintoci masu jin Larabci da Faransanci da sauran harsuna, amma lafiyar jirgi da duk ran da ke cikinsa a wuyan kyaftin take, kuma shi ke da magana ta ƙarshe. Labarin jirgin da ke cikin haɗari kan zo ta rediyo a tasha ta 16, ko daga cibiyar daidaita ceto ta Roma, ko daga masu sa-kai na Alarm Phone da mutane ke kira ta wayar setilayit, ko daga ƙananan jiragen sama masu sintiri kamar Seabird. Wani lokacin kuma ba kowa, sai mai gadi a ɗakin tuƙi da madubin hangen nesa ya hango wani ɗigo, don jirgin roba da ƙyar yake fita a na'urar rada mai gano jirage. Daga nan kyaftin zai lissafa iska da jan ruwa ya ƙiyasta inda kwale-kwalen ya gangara tun lokacin da aka ji ɗuriyarsa, ya sanar da hukumomi, ya rubuta komai da lokacinsa a littafin jirgi saboda wataƙila gobe a gaban alƙali zai karanta shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne lokacin da aka hango masu ceto ya fi ko wane lokaci haɗari. Mutanen da suka kwana biyu ko uku a tsugune, ba ruwa, ƙafa ta sage, da sun ga jirgi sai kowa ya miƙe ya karkata gefe ɗaya, shi ke nan kwale-kwale ya kife, kuma da yawansu ba su iya iyo ba. Shi ya sa ƙwararren kyaftin ba ya kai babban jirgi kusa, nesa yake tsayawa ya juya shi yadda zai tare iska da igiyar ruwa, sai a sauke ƙananan kwale-kwale su je. A haɗarin 18 ga Afrilu 2015 karo jirgin 'yan ci-ranin ya yi da jirgin dakon kayan da ya zo cetonsu. Idan an isa, tafinta ne ke fara magana, mutum ɗaya tal da murya ɗaya, ku zauna, kowa zai fita, ba Libiya za mu kai ku ba. Sai a raba rigar ceto hannu da hannu har kowa ya samu kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, sannan a fara da marasa lafiya da yara da mata.

Kowane irin kwale-kwale da tasa matsalar. Na roba, wanda ake cusa wa mutum sama da ɗari, ƙasansa kan karye a tsakiya ko iska ta fice daga gefe ɗaya, kuma fetur da ya zube idan ya gauraya da ruwan gishiri ƙona fata yake kamar wuta, abin tausayin shi ne mata da yara ake zaunarwa a tsakiya wai don a kare su, nan ne kuma ruwan ke taruwa. Na katako mai hawa biyu, waɗanda ke ƙasa kusa da inji hayaƙi ke shaƙe su, sau da yawa sai an gama kwashe na sama ake tarar da gawarwaki. Ga kuma na ƙarfe da ake waldawa a gaggauce a wajen Sfax ta Tunisiya, waɗannan in ruwa ya shiga nan take suke nutsewa. Sannan ga jami'an tsaron gaɓar Libiya, waɗanda Italiya ke tallafa wa tun yarjejeniyar 2017, kan iso ana tsakiyar aiki, mutane su riƙa faɗawa ruwa don gudun kada a mayar da su.

Neman wurin sauka

A ganina nan ne ainihin nauyin aikin yake, don tsamo mutum daga ruwa ana koyonsa da atisaye, amma ba wanda zai koya maka yadda ake zama da ɗaruruwan mutane a kan dandamalin jirgi mako biyu kana hango fitilun gari an ce kada ka shigo. A Yunin 2018 Italiya da Malta suka rufe wa Aquarius ƙofa da mutum kusan 630, sai Balensiya ta Sipaniya ta karɓe su. Shekara guda bayan haka Carola Rackete, kyaftin ɗin Sea-Watch 3, ta ceto mutum 53 ranar 12 ga Yuni 2019, aka kwashe marasa lafiya aka bar ta da 40, ta yi ta jira sama da mako biyu har ta ga mutanen sun kai maƙura, daren 29 ga wata ta shiga tashar Lampedusa ba izini, garin tsayawa ta gogi jirgin 'yan sandan kwastan. Aka kama ta, bayan kwana uku alƙaliya ta sake ta bisa cewa aikin da doka ta wajabta mata ta yi, kotun ƙoli ma ta goyi bayan haka a 2020.

Ba ita kaɗai ba. Stefan Schmidt na sabon Cap Anamur ya ceto mutum 37 a 2004, aka gurfanar da shi a kotu a Italiya, sai 2009 aka wanke shi. Claus-Peter Reisch na jirgin Lifeline an ci shi tarar Yuro 10,000 a Malta, aka soke a ɗaukaka ƙara a 2020. Jirgin Iuventa da Pia Klemp ta taɓa jagoranta an kama shi a Agustan 2017 bisa zargin haɗa baki da masu safarar mutane, sai Afrilun 2024 kotun Trapani ta Italiya ta kori ƙarar, jirgin kuwa ya riga ya yi tsatsa a tasha. Kusan duk shari'o'in haka suke ƙarewa da wankewa, amma shekarun da jirgi ya yi a ɗaure babu mai dawo da su. Masu suka suna cewa kasancewar jiragen ne ke jawo mutane su shiga teku, su kuma ƙungiyoyin suna nuni da abin da ya biyo bayan rufe Mare Nostrum, ceto ya ragu amma tsallakawa ba ta tsaya ba.

Tun Janairun 2023 salo ya canza, maimakon barin jirage a teku suna jiran wurin sauka, dokar Italiya da ake kira ta Piantedosi ta ce da an yi ceto ɗaya a wuce tashar da aka ba ka ba tare da ɓata lokaci ba, wanda ya saɓa a ci shi tara a kuma tsare jirgin, in ya maimaita abin ya ƙaru. Tashoshin da ake bayarwa kuma sau da yawa can arewa suke, Ravenna, Ancona, La Spezia, tafiyar kwana huɗu ko biyar da mutane a galabaice, ga kuɗin mai, ga yankin ceton an bar shi ba kowa. Kenan kyaftin na iya kama hanyar arewa da mutum hamsin sai kira ya shigo cewa ga wani kwale-kwale yana shan ruwa a bayansa, in ya juya jirginsa na iya shiga ɗauri, in bai juya ba ya san abin da zai faru da su. A Disambar 2024 MSF ta janye babban jirginta Geo Barents, wanda ya ceto sama da mutum 12,000 tun 2021, ta ce da irin waɗannan dokoki ba zai yiwu ta ci gaba da aiki da shi ba.