Iyayen da suka taɓa yin tarin fuka da bizar zama a Amurka: abin da doka ta ce game da gwajin lafiya

Iyalai da dama a Katsina da Daura suna da ɗa ko 'ya da ya zama ɗan ƙasar Amurka, yana son ɗauko Inna ko Baba su koma wurinsa. Da zarar an tuna cewa tsohuwar ta taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida, sai jikin kowa ya yi sanyi, a ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Dokar shige da fice ta Amurka, a sashe na 212, tana hana biza ga mai ɗauke da cuta mai yaɗuwa da ke barazana ga lafiyar jama'a, kuma tarin fuka na cikin jerin. Amma abin da ake nufi shi ne tarin da yake raye a huhu yanzu. Wanda ya yi ciwon, ya sha magani ya warke, ba ya cikin waɗanda aka hana. Sai dai hanyarsa ta fi ta sauran mutane tsawo, kuma yawancin waɗanda suke shan wahala a kanta rashin shiri ne ya jawo musu.

Bizar iyaye ita ce IR-5. Wanda ya zama cikakken ɗan ƙasa, ya kuma kai shekara 21, shi ne ke iya nema wa iyayensa ta fom I-130, uwa da nata, uba da nasa. Mai katin zaman dindindin kawai ba ya iyawa. A Najeriya ana ganawar bizar zama a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Gwajin lafiya kuwa ba kowane likita ke yin sa ba, sai likitocin da ofishin ya amince da su, kuma sunayensu na cikin takardar umarnin da ake turowa. Rahoto daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani asibiti a Daura yana da amfani a matsayin tarihin jinya, amma ba ya maye gurbin wannan gwaji, komai girman likitan da ya sa hannu. Ƙa'idojin da likitocin ke bi hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ce ta rubuta su, kuma ba su da ikon sassauta wa kowa.

Wani abu da ya kamata a duba tun kafin a kashe ko sisi: shin ana ma bayar da bizar zama ga 'yan Najeriya a lokacin? Wannan maganar siyasa ce, daban take da ta lafiya. An dakatar da ita a farkon 2020, aka buɗe a Janairun 2021, aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza a ƙarshen 2025. Tunda sakamakon gwajin lafiya yana da wa'adi, yin sa alhali ba a bayar da biza asarar kuɗi ce tsagwaronta.

A ranar gwaji likita zai yi tambayoyi, ya duba jiki, sannan a ɗauki hoton ƙirji, wanda dole ne ga duk mai shekara 15 zuwa sama. Akwai kuma gwajin jini na IGRA. Kada hankali ya tashi idan ya nuna alama, domin abin da yake faɗa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, kuma wanda ya warke yakan ci gaba da nuna hakan shekara da shekaru. Hoton ƙirjin ne ke yanke hanyar da za a bi. Tarin fuka yakan bar tabo a huhu, galibi a sama, kamar yadda ƙuna ke barin tabo a fata bayan ta warke. Mai karanta hoto ba zai iya rantsewa cewa tabon nan tsoho ne ba, babu sauran ƙwaya a cikinsa. Saboda haka duk wanda hotonsa ya nuna abin da ya yi kama da tarin fuka, ko yake da alamomi irin su tari, zazzaɓi, zufar dare da ramewa, ko aka san yana ɗauke da HIV, sai ya bayar da kaki. Ga dattijon da ya taɓa jinya, a tafi da shirin cewa za a nemi kakin. Idan ba a nema ba, alhamdulillahi.

Ana karɓar kaki sau uku, a ranaku uku daban, tsakanin kowanne aƙalla awa 24, da sassafe kafin a ci komai, kuma a gaban ma'aikaci. Ba a yarda a kawo shi daga masauki cikin kwalba ba. Ana son mililita 5 zuwa 10 kowace rana, wato cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. A nan tsofaffi suka fi samun matsala. Da yawa suna tofa miyau ne maimakon kakin da ke fitowa daga can cikin ƙirji, sai a ƙi karɓa, a ce a dawo gobe. A koya wa Inna tun a gida: ta ja numfashi sosai sau biyu ko uku, ta riƙe kaɗan, sannan ta yi tari mai ƙarfi daga ƙirji. A gaya wa Baba ya haƙura da goron safe da koko har sai an gama, don ɓarɓashin abinci yana gurɓata samfurin, kuma gurɓataccen samfuri sake shi ake yi. Wanda ya warke sarai sau da yawa ba shi da kakin da zai fitar. Wannan ba laifi ba ne, akwai na'urar da ake shaƙar tururin ruwan gishiri da ita don ta motsa tarin.

Ana duba kakin da madubin likita, wannan yana fita cikin 'yan kwanaki, amma ba shi ne hukunci ba. Hukuncin yana ga renon ƙwayar cuta: a zuba kakin a cikin abin da ƙwayar ke girma, a jira a ga ko za ta tsiro. Ƙwayar tarin fuka mai jinkirin girma ce ƙwarai, shi ya sa ake jira har mako takwas kafin a ce babu komai. Ba kuɗi ba sanayya da zai rage kwanakin nan. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya fito da sakamako cikin mako biyu, ɗan damfara ne. Akwai hikima a wannan jira da ta shafi wanda ya taɓa jinya musamman. Gwajin GeneXpert da aka saba yi a asibitocinmu yana iya gano gawar ƙwayar da magani ya riga ya kashe, ya nuna kamar akwai cuta. Reno kuwa sai mai rai ce ke tsirowa.

Tunda daga Katsina zuwa Legas ya haura kilomita dubu a mota, a tsara tafiyar da hankali. Zuwan farko ba na kwana ɗaya ba ne, a ware mako guda don hoto da kaki uku, a kuma lura kada ranakun su faɗa cikin hutun ƙarshen mako. Bayan nan ana iya komawa gida a jira. A haɗa tsohon da wanda ke jin Turanci kuma ya san tarihin jinyarsa, ba yaron da aka ɗauko don ya riƙe jaka kawai ba.

Idan duk ukun sun fita babu ƙwaya, za a sa dattijon a rukunin B1. Wannan ba hani ba ne, ana ba shi biza. Amma ga inda iyalai ke tuntuɓe: wanda tun farko ba a ga wata alama a hotonsa ko jikinsa ba, gwajinsa yana aiki wata shida, na rukunin B1 kuwa wata uku ne kacal daga ranar da aka kammala sakamakon reno. Wa'adin bizar yana bin wa'adin gwajin. A cikin wata ukun nan ne za a karɓi fasfo, a sayi tikiti, a yi sallama da dangi daga Mashi zuwa Mai'aduwa, a kuma sauka Amurka. Idan aka tsaya jiran a aurar da auta ko a kai amfanin gona gida har wa'adi ya wuce, sai a koma farko: sabon hoto, sabon kaki, sabon mako takwas, sabon kuɗi. Duk wata hidimar gida a yi ta cikin makonnin jiran sakamako.

Idan kuwa ƙwaya ta tsiro, rukunin A ke nan, babu biza sai an yi magani. Za a gwada ƙwayar a ga ko tana jin magungunan da aka saba, sannan a fara jinya ta aƙalla wata shida, fiye da haka idan mai bijire wa magani ce. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne kowane shan magani sai a gaban ma'aikaci, a cibiyar da CDC ta amince da ita, ƙarƙashin kulawar likitan biza. Wannan yana nufin zama kusa da cibiyar tsawon watanni. Wasu sukan ce gara su koma Daura su sha a cibiyar DOTS, wato inda ake ba da maganin tarin fuka kyauta, kusa da iyali. Maganin gida yana warkarwa, babu shakka, amma ta fuskar biza wanda ya zaɓi haka sai ya jira shekara guda bayan kammala magani kafin a sake gwada shi. Wanda ya yi jinyar a hannun likitan biza kuwa, yana gamawa sakamako ya yi kyau, sai a sa shi rukunin B0, shi ma da wa'adin wata uku. Doka ta ba iyayen ɗan ƙasa damar neman a ɗage musu hanin ta fom I-601, amma ga tarin da ke yaɗuwa kada a ɗora buri a kai. Idan uwa da uba tare suke tafiya aka samu ɗaya da cutar, ɗayan zai shiga rukunin B3, na wanda ya zauna da mai ciwo.

Sai maganar takardu, wadda ya kamata a fara da ita tun ranar da aka shigar da fom, ba mako guda kafin tafiya ba. Likitan biza yana son ya ga ranar da aka gano cutar da yadda aka gano ta, sunayen magunguna da adadinsu, ranar farawa da ranar gamawa, sakamakon kakin da aka yi a tsakiyar jinya da ƙarshenta, da tsohon hoton ƙirji. A tsarin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, ana shan magani huɗu a wata biyun farko, wato rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, sannan biyun farko na wata huɗu, ana duba kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. Duk wannan yana cikin katin jinya da rajistar cibiyar. Idan katin hannu ya ɓata, kamar yadda ya saba faruwa, a je cibiyar da aka sha maganin, ko wurin jami'in kula da tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, a nemi a fitar da bayanin daga rajista a kan takardar asibiti mai hatimi da sa hannu. A duba abin da aka rubuta a matsayin sakamako, domin "ya warke", wanda gwajin kaki ya tabbatar, ya fi "ya kammala magani" ƙarfi.

Tsohon hoton ƙirji, a ganinmu, ya fi kowace takarda daraja. Idan likita ya jera na shekarun baya da na yau ya ga tabon yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, hankalinsa zai fi kwanciya. Ba zai sa a yafe kaki ba, amma yana taimaka masa ya fahimci abin da yake gani. A ɗauko shi daga ƙarƙashin katifa, a sa shi cikin babban ambulan kada ya lanƙwashe.

A kuma duba suna. Sau da yawa an rubuta tsohuwa a asibiti da sunan da ake kiranta a unguwa haɗe da na mijinta, fasfo kuma yana ɗauke da sunan yanka da na mahaifi, shekarun haihuwa ma kintace aka yi. Idan sun saɓa, a nemi asibitin ya bayyana a takardarsa cewa mutum ɗaya ne. Kada a goge ko a gyara komai da hannu.

Akwai masu ba da shawarar a yi shiru, kada a faɗa wa likita an taɓa jinya. Muguwar shawara ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, hoton zai nuna tabon ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Tsohon tarin fuka yana jawo jinkirin wata biyu ne kawai, ƙaryar da aka yi da gangan don samun biza kuwa tana iya jawo hani na har abada a ƙarƙashin wannan sashe na 212. Haka nan sayen maganin kemis a ɗura wa tsoho kafin tafiya wai don a wanke ƙirji. Idan babu cuta, an wahalar da hanta da ƙodar dattijo a banza. Idan akwai ta, guntun magani ba ya kashe ta, yana iya koya mata bijirewa, jinyar wata shida ta koma mai tsawo da tsanani. Idan tari ya kama shi kafin ranar gwaji, kamar yadda ake yi da hunturu, a kai shi asibiti a duba, a kuma tafi da takardar abin da aka ba shi. Wanda yake tsakiyar shan maganin tarin fuka kada ya tsaya ko kwana ɗaya saboda biza, ya tafi da katinsa ya sanar da likitan.

Sauran gwajin ba su da wuya ga mai shekaru. Za a duba katin rigakafi a cike abin da ya rage daidai da shekaru, a tambayi magungunan hawan jini ko ciwon suga da ake sha. Waɗannan ba sa cikin cututtukan da ke hana biza, sai dai ciwon suga yana raunana jiki har tsohon tari ya iya dawowa, don haka a kula da shi sosai a watannin jira.

Bayan sauka Amurka, CDC tana sanar da hukumar lafiya ta yankin da dattijon zai zauna cewa mai rukunin B ya iso, a kira shi ko a aiko da wasiƙa don a sake duba shi, an fi so cikin kwana 30. Ba kame ba ne, ba kuma hanyar ƙwace katin zama ba ce. A tabbatar adireshi da lambar wayar da aka bayar na ɗan da zai karɓe shi ne, a kuma sa kwafin hoton ƙirji da takardun jinya na Katsina a jakar hannu, domin likitan can zai nemi ganinsu.