Mene Ne "Ƙagaggiyar Duniya" Ta Yara, Kuma Me Ya Kai Ta Gaban Alƙali?

Ƙagaggiyar duniya, wadda masu harkar kwamfuta ke kira "virtual world" da Turanci, wuri ne da aka gina da manhaja a intanet, inda mutane da yawa ke shiga a lokaci guda, kowa da mutum-mutumin da ke wakiltarsa a kan allo, su yi yawo, su yi hira, su yi wasa, su saya su sayar. Abin da ya raba ta da wasan bidiyo na gama-gari shi ne ba ta ƙarewa. Wasan ƙwallo na waya yana da farko da ƙarshe, ko dai a ci ko a sha kashi, sai a kashe a kwanta. Ita kuwa wannan duniya tana nan ko bayan yaro ya ajiye waya, ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi, abokansa suna ci gaba da harkokinsu, idan ya dawo gobe kuma zai tarar an yi abubuwa a bayan idonsa. Mutum-mutumin da yake gani suna kai da komo, mutane ne na gaske ke juya su daga wasu gidaje, wataƙila a wata nahiya, kuma ba dole ba ne su kasance sa'anninsa.

Wanda ya tashi a ƙauye ko a tsohuwar unguwa zai fi saurin gane abin idan aka ce masa dandali ne. Can ma yara kan taru bayan sallar isha'i idan farin wata ya fito, masu gaɗa suna yi, masu langa suna yi, ana ƙulla abota ana ɓatawa. Sai dai dandali ba shi da mai shi, kowane yaro an san ɗan gidan wane ne, kuma baƙon fuska ba ya minti biyar a wurin ba a tambaye shi wa yake nema ba. A ƙagaggiyar duniya kamfani ne mai filin, shi ne mai unguwa, shi ne alƙali, shi ne kuma mai buga kuɗin da ake kashewa a ciki. Duk rigimar shari'ar da ta dabaibaye wannan harka daga nan ta samo asali.

Abin ya kankama ne a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. An buɗe Neopets a 1999, inda yaro ke kiwon wata dabbar zane yana ciyar da ita. Kamfanin Sulake na ƙasar Finlan ya buɗe Habbo Hotel a 2000, wanda aka tsara shi kamar babban otal da kowa ke da ɗakinsa yana sayen kujeru da shimfiɗu. Wanda ya fi yin suna a tsakanin ƙananan yara shi ne Club Penguin, da wani ƙaramin kamfani ya buɗe a Kanada a 2005. A cikinsa kowane yaro tsuntsun fengwin ne a wani tsibirin ƙanƙara, yana da ɗan ɗakinsa, yana ƙananan wasanni don ya tara tsabar kuɗin wasa, da su zai sayi hula ko riga ko kayan ɗaki. Shiga kyauta ce, amma mafi yawan kayan ado sai wanda iyayensa ke biyan kuɗin wata-wata. Shekara biyu da buɗewa, a 2007, Disney ya saye shi a kan dala miliyan 350, abin da ya nuna wa kowa cewa dandalin yara ya zama babbar kasuwa. A yau Roblox ne ya gaji wannan matsayi. David Baszucki da Erik Cassel ne suka kafa shi, aka sake shi a 2006, kuma a 2025 masu shigarsa a kullum sun haura miliyan 100. Bambancinsa shi ne masu wasan da kansu, har da yara, su ne ke gina miliyoyin ƙananan duniyoyin da ke ciki.

Babu abin da waɗannan kamfanoni ke aunawa kamar yawan dawowar yaro da daɗewarsa, domin dandalin da ba kowa kango ne. Shi ya sa ake shirya bukukuwa, ana ba da kyautar shiga ta kullum, ana fito da kayan da aka ce daga wannan mako ba za a ƙara samunsu ba. Wasu dabarun suna da kyau. Club Penguin a zamaninsa yana da jaridarsa ta cikin tsibiri, yana naɗa yaran da suka daɗe a matsayin 'yan rakiyar baƙi ko jami'an sirri masu kai rahoton marasa ladabi, kuma tun daga 2007 yana da shirin da yara ke ba da tsabar kuɗinsu na wasa don zaɓar inda kamfani zai kai gudummawar kuɗi na gaske. Amma hikimar da ke sa yaro ya ji shi ɗan gari ne, ita ce dai ke sa ya ji an bar shi a baya idan ya kwana biyu bai leƙa ba, ko idan kowa ya sa sabuwar riga shi yana yawo da ta kyauta.

Matsalar da ta fi tayar wa iyaye hankali ita ce hira. Club Penguin ya magance ta da wani tsari mai tsauri, inda iyaye ke iya zaɓar cewa ɗansu ba zai rubuta komai da hannunsa ba, sai dai ya zaɓi jumla daga cikin waɗanda aka tanada, kamar gaisuwa da gayyatar wasa. Roblox yana amfani da matatar kalmomi, wadda ke mayar da zagi ko lambar waya ko adireshi zuwa jerin alamar #, sai dai yara da miyagun manya duk sun iya zagaye matata, ta hanyar karkatar da rubutu ko jan yaro zuwa wata manhajar da ba a sa ido. A watan Yunin 2012 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna binciken da ma'aikaciyarta ta yi bayan ta shiga Habbo da sunan ƙaramar yarinya, inda ta yi ta cin karo da maganganun batsa. Masu zuba jari suka janye, manyan kantuna suka daina sayar da katin wasan, kamfanin kuma ya toshe hira gaba ɗaya na wani lokaci. Irin wannan zargi ne ya sa Turkiyya ta rufe Roblox a watan Agustan 2024, jihar Luwiziyana ta Amurka kuma ta kai shi ƙara a 2025.

Duk wanda ya taɓa buɗe shafi a intanet ya ga ana cewa sai mai shekara 13 zuwa sama, kuma wannan adadi yana da asali. Majalisar Amurka ta yi wata doka a 1998 da ake kira COPPA, wadda ta fara aiki a 2000, ta hana kamfani karɓar bayanan yaron da bai kai 13 ba, kamar suna da adireshi da imel, sai da tabbataccen izinin iyayensa. A 2013 aka faɗaɗa ta ta haɗa da hoto, murya, wurin da yaro yake, da lambobin da ake bin sawun na'ura da su. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ita ke aiwatar da ita, kuma a 2011 ta sa kamfanin Playdom, mallakar Disney, ya biya dala miliyan 3 saboda tattara bayanan yara a wasu ƙagaggun duniyoyi da yake gudanarwa. Raunin dokar a fili yake: tana hawa kan dandalin da aka yi domin yara, ko wanda ya san cewa yaro ne a gabansa, don haka kamfanoni da yawa suka ga ya fi musu sauƙi su ce ba sa karɓar 'yan ƙasa da 13, su bar yaro ya rubuta shekarar haihuwar yayansa. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta sa shekara 16, ta kuma bar kowace ƙasa ta rage zuwa 13 idan ta so. Birtaniya ta bi wata hanyar da ni dai na ga ta fi ma'ana, inda tun 2021 ake tilasta wa duk manhajar da yara ke iya shiga ta zo da mafi tsaurin kariya tun daga farko, maimakon a jira uba ya nemo inda ake kunna ta.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne aka fi zuba wayo. Kusan kowace ƙagaggiyar duniya tana da kuɗinta: Robux a Roblox, V-Bucks a wasan Fortnite. Ana sayensu da kuɗi na gaske, sannan a sayi kaya da su, kuma wannan canji na tsakiya yana ɓoye farashi, domin yaron da ya ga an rubuta 800 a gefen wata hula ba zai tsaya lissafin nawa ne a dala ba, balle a naira. Canjin ma ba daidai yake ba ta fuska biyu. A 2025 Robux ɗaya yana kamawa kimanin santi ɗaya na dala idan za a saya, amma mai gina wasa da ya tara su ya zo mayar wa kamfani, abin da za a ba shi bai kai rabin santi ba.

A farkon zamanin wayoyin zamani an sha kuka da wata ƙofa da Apple ya bari a buɗe. Uwa za ta shigar da kalmar sirrinta sau ɗaya don ta saukar wa 'yarta wasa, ta miƙa mata waya ta koma kicin, ba tare da ta san cewa har minti 15 duk abin da yarinyar ta danna zai wuce ba tare da an ƙara tambaya ba. A cikin ƙarar da FTC ta shigar akwai matar da 'yarta ta kashe dala 2,600 a wani wasan kiwon dabbobi. A 2014 Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19. Wannan duka wasan yara ne idan aka gwada da abin da ya sami Epic Games, mai Fortnite, a watan Disambar 2022: dala miliyan 275 tarar karya COPPA, da dala miliyan 245 na mayar wa masu wasa, jimilla miliyan 520. Cikin abubuwan da aka zarge shi da su akwai barin hirar murya a kunne tsakanin yara da baƙin manya, tsara maɓallai ta yadda danna ɗaya bisa kuskure ke cire kuɗi, da kulle asusun waɗanda suka kai ƙorafi bankinsu.

Akwai kuma akwatin sa'a, wanda ake biya kafin a san abin da ke ciki; yana iya zama takobin da kowa ke nema, yana iya zama tarkacen da yaro ke da irinsa goma. Bahaushe ya daɗe da sanya wa irin wannan suna, cinikin biri a sama, kuma wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu zai tuna da garari, wato cinikin abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba. Dokokin ƙasashe dai sun rarrabu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatin da ake saya da kuɗi caca ne. Ƙasar Sin tun 2017 ta wajabta a bayyana yiwuwar samun kowane kaya. Gwamnatin Birtaniya a 2022 ta ƙi sa shi a ƙarƙashin dokar caca, kuma tushen gardamar can shi ne dokarsu tana kallon caca a matsayin abin da ake cin kuɗi ko abin da ke da darajar kuɗi, alhali kayan cikin akwati ba a fitar da su a kashe a kasuwa.

Najeriya ma ta shigo layi da dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta ce sai da izinin uba ko uwa ko waliyyi za a dogara da yarda wajen sarrafa bayanan yaro, ta kuma shafi kamfanonin waje da ke riƙe da bayanan mutanen da ke cikin ƙasar. Sai dai a gidajenmu yawanci wayar uwa ko ta yaya yaro ke ara, da imel ɗinta da shekarunta da katin bankinta, don haka a idon kamfanin da ke Kaliforniya wannan ɗan shekara tara mace ce mai shekara talatin da biyar, kuma babu wata kariyar yara da za ta hau kansa.

Tambayar da ta fi ba alƙalai wahala ita ce ko kayan da ke cikin wannan duniya dukiya ne. A 2007 a ƙasar Holan wasu samari biyu suka tsare wani yaro ɗan shekara 13, suka doke shi, suka nuna masa wuƙa, suka tilasta masa ya buɗe asusunsa na wasan RuneScape ya tura musu wata laya da wani abin rufe fuska na cikin wasan. Duka da barazana laifi ne a ko'ina, amma an tuhume su har da sata, lauya kuwa ya ce ba a satar abin da babu shi, lambobi ne kawai a kwamfutar kamfani, kuma ko da akwai su to na kamfanin ne. Shari'ar ta kai kotun ƙoli, wadda a watan Janairun 2012 ta tabbatar da cewa sata ce, domin yaron ya kashe lokaci da ƙoƙari kafin ya same su, suna da daraja a wurinsa da wurin waɗanda suka ƙwace, kuma shi kaɗai ke da iko da su har lokacin da aka raba shi da su.

Wannan hukunci ya kare yaro daga ɗan'uwansa mai wasa, amma bai ba shi komai a kan mai filin ba. Dogon sharaɗin da ake danna "na yarda" a ƙarƙashinsa ba tare da an karanta ba yakan ce kuɗin wasa da kayan wasa izinin amfani ne kawai aka ba ka, kamfani na iya janye shi ko ya rufe asusunka, kuma ba lallai ya biya ka diyya ba. A ƙarshen watan Maris na 2017 Disney ya rufe Club Penguin bayan fiye da shekara goma sha ɗaya. Yara da waɗanda suka girma a cikinsa sun yi cincirindo a tsibirin a daren ƙarshe suna ban kwana, har aka katse layi, ɗakunan ƙanƙara da hulunan da aka yi shekaru ana tarawa suka tafi tare da shi.