Wai me ya sa hadarinmu kullum daga gabas yake tasowa?

A majalisarmu ta bakin Ƙofar Ƙaura a Katsina aka taso da maganar nan ranar da hadari ya haɗu kamar za a yi ruwan kwana, ƙarshe ƙura kawai muka sha, mai shayi ya kife tukunya kowa ya watse. Tambayoyin da aka yi ta jefo min ne na ce bari in zauna in amsa.

Wai iska ba iska ba ce, har tana da iri?

Tana da shi mana. Iska in ta daɗe zaune a kan wuri halin wurin take ɗauka. Wadda ta yi kwanaki a kan hamadar Sahara busasshiya ce ƙayau, ita ke zuwa mana daga arewa maso gabas. Wadda ta zauna kan tekun Atlantika kuma ta sha ruwa ta ƙoshi, tana shigowa ta kudu maso yamma, ta wajen Legas. Su biyun nan ke ture juna duk shekara, wadda ta fi ƙarfi a kan Katsina ita ke yanke mana hunturu ne ko damina.

To ina suke haɗuwa?

Akwai layi tsakaninsu da ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, kuma ba ya zama wuri ɗaya, rana yake bi. A watan Janairu yana can ƙasa kusa da bakin teku, shi ya sa wani lokaci har Legas ake ganin hazo. Daga nan ya riƙa hawowa a hankali, ya wuce Abuja, ya wuce Kaduna da Funtuwa, ya iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu. Mu muna kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi kuwa a Agusta yana kaiwa wajen digiri 20, can gaba da Agadas, sannan ya juyo.

Ba ka buƙatar na'ura ka san ya wuce kanka. A bazara ranar da ka ji daren ya ƙi sanyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, iska ta juya tana shigowa ta tagar da da ba ta shigowa, gishiri ya fara dunƙulewa a roba, to iskar teku ta iso.

In ta iso me ya hana ruwa sauka nan take?

Nan manoma ke shan wahala. Iskar tekun ba da kauri take fara zuwa ba, bakinta siriri ne kamar bakin gatari, tana kutsawa ƙarƙashin iskar hamada mai zafi. Gajimare ya fara tashi sai ya ci karo da busasshiyar iska a sama, ta shanye shi. Sai layin ya yi nisa arewa da mu da ɗaruruwan kilomita sannan danshin ya yi kaurin da zai haifi hadarin gaske. Shi ya sa za a yi ruwa ɗaya mai kyau a Mayu, mutum ya ruga ya shuka gero, sai kuma a ɗauke kwana goma sha, tsiro ya ƙone a sake sayen iri. Layin ne ya ɗan ja baya. Kuma dalilin ke nan da Funtuwa ke riga Daura da Jibiya shuka, a kuma riga ɗauke wa na arewa ruwa, duk a jiha ɗaya.

Danshi daga kudu maso yamma, amma hadari daga gabas, ya aka yi haka?

Wannan ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Iskar da ke taɓa fuskarka daban, wadda ke can sama daban. Sama da mu da kamar kilomita 3 zuwa 4 akwai iska mai gudu daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, ita ke tura gajimaren. Wato ruwan daga teku aka ɗebo shi, amma direban daga gabas yake. In ɗan uwanka na Daura ya bugo ya ce ana tafka ruwa, kwashe shanya.

Jan hadarin nan da ke fara zuwa da ƙura kuma, sanyayyar iska ce da ke faɗowa daga cikin gajimaren, ta daki ƙasa ta bazu gaba tana kwasar rairayi. Shi ya sa kake jin sanyi kwatsam kafin ɗigo na farko. Farkon damina ƙasa a bushe take, ƙurar ta fi yawa, kuma lokacin ne kwanon rufi ke tashi.

Ƙurar hunturu fa, daga ina?

Kaso mai yawa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, iska na bi ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso ƙurar ta kawo mana. In ta yi kauri har jirgi ya kasa sauka.

A Turai ma haka abin yake?

A'a. Su can faɗan tsakanin iska mai sanyi ce daga ƙuryar arewa da mai ɗumi daga kudu. Mai sanyin ta fi nauyi, in ta kutso sai ta ɗaga mai ɗumin sama da ƙarfi a yi ruwa mai tsawa na ɗan lokaci, in kuma mai ɗumin ce ta hau kan mai sanyin a hankali sai a wuni ana yayyafi. Masana a garin Bergen na ƙasar Norway ne suka tsara bayanin wajen 1920, an fito daga yaƙin duniya na farko, sai suka ba layin sunan fagen daga. Namu bambancin danshi ne ya fi na zafi, kuma tafiyarsa ta watanni ce, su kuwa cikin sati ɗaya sai layi biyu ko uku su wuce ta kan Ingila.

NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na iya faɗin ranar da za a fara ruwa?

Suna fitar da hasashen damina farkon kowace shekara, kuma yana da amfani wajen zaɓen iri, mai saurin nuna ko mai daɗewa. Amma tsakanin kwanaki suke bayarwa, kar ka riƙe rana ɗaya ka ce alkawari aka yi maka. Hadari ɗaya na iya jiƙa Batagarawa sharkaf, cikin gari ko ɗigo.